Yadda Ake Sabar da Yaro Mai Buƙata ta Musamman da Makarantar Nazare

Da zarar zangon karatu ya gabato, tambayoyin iyaye kan zo iri ɗaya. Yaro ya kai shekara uku bai fara magana ba, ko yana da farfaɗiya, ko sikila ne, ko kunnensa ba ya ji sosai, ko har yanzu ba ya tsayuwa sai an riƙe shi. Ta ina za a fara sa shi a nazare? Yaya za a yi kada a koro shi bayan mako biyu, kada kuma ya tsani makarantar tun daga ƙofa?

Sau da yawa ba lalurar yaron ce ke ɓata lamarin ba, aikin ne ake yi wa gaba da baya. A biya kuɗi kafin a leƙa aji. A kai yaro kafin malama ta san halin da yake ciki. A ajiye shi tun ƙarfe takwas a ce sai an tashi. Jerin da ke ƙasa yana son lokaci: wata biyu zuwa uku na shiri, sannan mako huɗu zuwa shida na sabo. Wanda ke nufin zangon farko na watan Satumba, tun Yuni ya kamata ya fara, lokacin makarantu ba su tafi dogon hutu ba.

1. Asibiti kafin makaranta

Abu biyu ake nema a asibiti: a san ainihin abin da ke damun yaron, a kuma samo takarda.

Ku fara da gwajin ji da na gani, ko da lalurar ba ta yi kama da ta kunne ko ido ba. Yaran da ake ce wa masu taurin kai ko masu nauyin baki, wasunsu ji ne ba sa yi sosai, musamman wanda ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa. Ana gwajin ji a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kuma Cibiyar Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Matsalar ƙashi da gaɓoɓi akwai asibitin Dala a Kano. Idan jinkirin magana ne da ƙin haɗa ido da mutane, likitan yara ne zai fara dubawa ya tura ku inda ya dace.

Takardar da za ku roƙi likita kada ta wuce shafi ɗaya. A rubuta sunan lalurar, magungunan da yaron ke sha da adadinsu da lokacinsu, abin da zai iya yi tare da sauran yara da wanda ba zai yi ba, da alamomin da idan an gani asibiti za a nufa. Ku tambayi likita ko za a iya tsara maganin ya faɗo safe da dare, yadda za a riƙa ba shi a gida. Ku ɗauko katin rigakafi, a cike wanda aka tsallake.

Gargaɗi: kada ku canza lokacin magani ko ku rage shi da kanku don ya dace da makaranta. Maganin farfaɗiya musamman, tsayar da shi farat ɗaya na iya jawo faɗuwa mai tsanani. Kada kuma ku ajiye yaro a gida shekara guda ana jiran layin ganin ƙwararre. Takardar likitan yara ta isa a fara da ita.

2. Zaɓen makaranta

Ku zagaya aƙalla uku, ba tare da yaron ba, kuma lokacin da ake karatu. Mafi kyau ku isa gab da fita tara, domin a nan ake ganin gaskiyar makaranta: wa ke lura da yara a fili, wa ke kai su banɗaki, me ake yi wa wanda ke kuka. Ofishin mai makaranta ba ya nuna komai. Ku nemi a bar ku ku tsaya a bayan aji minti ashirin.

Ku ƙirga yara, ku ƙirga manya. Ajin da ke da yara arba'in da malama ɗaya ba zai iya da yaron da ke buƙatar a ciyar da shi ko a canza masa famfas ba, kome kirkin malamar. Ku duba ƙofar waje: a rufe take, maigadi na zaune? Ga yaron da ke arcewa da gudu ba tare da tsoron mota ba, wannan ya fi kyawun gini muhimmanci. Ku shiga banɗaki da kanku. Masai na tsuguno ba zai yiwu ga yaron da ƙafafunsa ba su da ƙarfi ba sai an sa fo ko kujera mai rami. Ku lura da matakala da dakali da kwatar da za a tsallaka idan yaron na kan keke. Ku saurari ƙara: janareta a jikin taga, ƙararrawar ƙarfe, gangar taron safe, yara talatin suna bita da iya ƙarfinsu. Yaro mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, zai iya kasa zama saboda wannan kaɗai. Idan kun ga bulala a kan teburin malamar nazare, ku tambaya kai tsaye me ake yi da ita.

Kusanci ma abin dubawa ne. Makaranta mai sauƙi da ke bayan layinku, wadda za ku isa cikin minti goma idan an kira, ta fi mai suna da sai an yi awa guda a adaidaita sahu.

Kada ku raina rabin aji na firamaren gwamnati. Babu kuɗin makaranta, sai dai cunkoso ne matsalarsa, don haka ku ƙirga yaran kafin ku yanke shawara. Yaron da ba ya ji kwata-kwata kuwa, abin da ya fi buƙata shi ne harshe, kuma ajin da babu mai maganar hannu ba zai ba shi ba. Ku tuntuɓi makarantun da suka ƙware a wannan, irin ta Tudun Maliki a Kano, ku ji shekarun da suke karɓa, ku kuma fara koyon maganar hannu a gida tun yanzu.

Idan makaranta ta ce ba ta karɓar irin waɗannan yara, ku san cewa dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu ba tare da wariya ba, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko ƙungiya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. Ana iya kai kuka hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa. Sai dai a nan akwai abin lura: inda aka karɓi yaro bisa tilas, a bayan aji yakan ƙare ba mai kula shi. Ku kai ƙorafin don na baya, amma naku ɗan ku nema masa inda ake son sa.

3. Ku faɗi gaskiya kafin ku biya ko sisi

Wannan ne matakin da iyaye suka fi tsallakewa, don kunya ko tsoron kada a ƙi yaron. Ana cike fom a bar wurin lafiya babu komai, a ce idan ya shiga ma gani. Ranar da ya faɗi a aji ko ya ciji wani, malama ta firgita, mai makaranta ta ji an yaudare ta, iyayen sauran yara su taso. Daga nan gyara yakan yi wuya.

Ku nemi zama da shugabar makaranta tare da malamar ajin. Uba da uwa su je tare idan da hali. Ba dogon bayani ake so ba. Misali uwa ta ce: “Malama, yarona ba ya magana tukuna, amma yana gane abin da aka ce masa idan aka gajarta. Idan yana son ruwa yakan ja hannunki zuwa wurin gora. Ƙara mai ƙarfi na firgita shi, sai ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa. Ba rashin kunya ba ne. Idan aka fitar da shi waje minti biyar yakan dawo daidai.” Malamar da ta ji wannan ta san abin yi. Wadda aka ce wa kawai “yana da ’yar matsala” ba ta san komai ba.

A zaman nan ku daidaita abu huɗu, a rubuta su: za a bar ku ku zauna a aji a kwanakin farko, za a fara da gajeren lokaci ana ƙarawa, wa zai kula da banɗaki da abinci da magani, babu duka ko tsawa ko kulle yaro shi kaɗai.

Batun kuɗi kuma ku tambaya dalla-dalla. Ban da kuɗin fom da na zango da yunifom da littattafai, wasu makarantu na ƙara wani abu saboda kulawa ta musamman. Ku ji nawa ne, kuma me aka tanada da shi: ƙarin nani ce, ko suna ne kawai? Ku lissafa da abin da ba ya cikin rasit, wato kuɗin mota sau biyu a rana a makonnin da za ku riƙa ɗauko shi da wuri, famfas, da ranakun aiki ko kasuwa da ɗayanku zai rasa. Ku roƙi a karɓi rabin kuɗin zango tukuna, sauran bayan mako shida. Yunifom kala biyu sun isa a farko.

4. Takardar sanin yaro

Ban da ta likita, ku rubuta taku, shafi ɗaya, da hoton yaron a sama. A yi ta da harshen da nani za ta iya karantawa, ko a karanta mata. Ta ƙunshi sunan da ake kiransa a gida (idan Abba ake ce masa, ba zai waiga ba in an kira Muhammad), abin da yake so, abin da ke tayar masa da hankali, yadda yake nuna yunwa da ƙishi da fitsari da ciwo, abin da ke kwantar masa da hankali, abincin da ba ya ci ko yake yi masa illa, da lambar waya uku.

Ku rubuta abin da ake gani da ido. “Ba ya son hayaniya” bai kai “idan aka kaɗa ƙararrawa yakan gudu ƙarƙashin tebur, a gaya masa kafin a kaɗa” amfani ba. Ku fara da abin da ya iya. A yi kwafi uku a lulluɓe da roba a shagon kwamfuta: ɗaya a ofis, ɗaya a aljihun teburin malama, ɗaya a jakarsa. Kada a manna ta a bangon aji inda kowane mai wucewa zai karanta.

5. Mutum ɗaya

Ƙaramin yaro ba ya sabawa da gini, da mutum yake sabawa. Ku nemi a ware mace ɗaya, malama ko nani, wadda ita ce za ta karɓe shi kullum da safe, ta kai shi banɗaki, ta zauna da shi lokacin cin abinci, ta miƙa shi idan an tashi. A kuma sa ta biyu da za ta riƙa matsowa tun makon farko, saboda ranar da ta farkon ba ta zo ba. Ma'aikatan makarantun kuɗi suna yawan canza wurin aiki, don haka ku tambaya ko wadda aka ba ku ta daɗe a nan.

Wani yaron sai da mai rakiya, wadda iyaye ke ɗauka su biya ta zauna da shi a aji. Albashinta zai iya kai kuɗin makarantar ko ya wuce, shi ya sa kada ku amince da ita sai an gwada an ga buƙata. Idan an ɗauke ta, a fayyace mata aikinta: ta taimaka masa ya shiga cikin yara, ta ja baya duk lokacin da ya iya da kansa. Kuskuren da aka saba shi ne ta goya shi ko ta zaunar da shi a cinya a lungu da waya a hannu, malama kuma ta sakar mata shi gaba ɗaya. Haka zai shekara a makaranta bai san sunan yaro ko ɗaya ba. Kada kuma a cire yayarsa daga ajinta don ta yi rainonsa.

6. A koya wa ma'aikata abin gaggawa

Kafin ranar farko, ku zauna rabin awa da malama da nani da maigadi, da direba idan motar makaranta zai riƙa shiga. Ku nuna da hannu, sannan su maimaita a gabanku.

Farfaɗiya. A kwantar da shi a ƙasa, a janye benci da duk abin da zai buge, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Da jijjigar ta lafa a juya shi gefe ɗaya don yawu ya fita. Ba a cusa cokali ko yatsa a baki, ba a danne shi, ba a ɗura masa ruwa ko manja, ba a yi masa hayaƙi. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, asibiti. Ku faɗa musu a fili cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko kumfar baki, domin wannan tsoron ne ke sa manya su ja da baya su bar yaro a ƙasa.

Sikila. Gorar ruwa a kan teburinsa, ya sha duk lokacin da ya so, ya fita fitsari ba tare da an hana ba, don masu sikila na yawan fitsari. Rigar sanyi da safa a lokacin hunturu, kada a tsayar da shi a taron safe cikin iska, kada ya jiƙe da ruwan sama, kada a tilasta masa gudu. Zafin jiki da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar, kumburin ciki, fari fat a tafin hannu da ido, karkacewar baki ko mutuwar hannu, duk na asibiti ne nan take, ba na jiran a tashi ba. Ku saya wa ajin ma'aunin zafin jiki.

Asma. Abin shaƙarsa ya zauna a aji inda malama za ta miƙa hannu ta ɗauko. Kada a kulle shi a ofis. A nisanta shi da allo saboda ƙurar alli, a fitar da shi kafin a fara shara.

Wahalar haɗiya, wadda ke yawan zuwa da lalurar ƙwaƙwalwa mai shafar gaɓoɓi. A zaunar da shi a miƙe, kai ya ɗan sunkuyo gaba, loma ƙarama, a jira ya haɗiye kafin ta gaba. Ba a ba shi abinci a kwance ko yana kuka. Gyaɗa, alewa mai tauri, gugguru da dabino mai ƙwallo a nisanta su, har wanda abokai za su miƙo masa.

Na'urar ƙara ji. A nuna wa malama yadda ake sawa da yadda ake gane batir ya mutu. A ɗaure na'urar da igiya a jikin riga. Batir na ajiya a hannun malama yake zama, kada a sa a jakar yaro, domin ƙanana ne, kuma haɗiye su haɗari ne da ke buƙatar asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Yaron ya zauna gaba, malama ta fuskance shi idan tana magana.

Zabiya. Hula mai faɗi, riga mai dogon hannu ko da yunifom gajere ne, wasa a inuwa, zama a layin gaba nesa da hasken taga, rubutu manya.

7. Shiri a gida

Mako uku kafin shiga, a mayar da barci da tashi lokacin makaranta, ana matsar da shi minti goma sha biyar duk bayan kwana biyu. A wanke yunifom sau biyu ya yi laushi, a yanke tambarin wuya idan yana sosa, ya riƙa sawa na awa ɗaya a gida. Takalmi da safa ma haka. A riƙa zuba masa abincin rana a cikin kular da zai je da ita, ya koyi buɗewa. Ku bi hanyar makarantar da shi sau uku ko huɗu, ku gaisa da maigadi, idan an yarda ku shiga ajin bayan an tashi ya taɓa kujeru babu kowa.

Ku ɗauki hoto shida da waya: ƙofar makaranta, fuskar malamarsa, ajin, banɗaki, wurin cin abinci, da wanda zai zo ɗaukarsa. A wanke su, a jera a kwali daga sama zuwa ƙasa. Kowane dare ku bi su da yatsa da kalmomi iri ɗaya: “Makaranta. Anti. Wasa. Abinci. Umma ta zo. Gida.” Ga yaron da ba ya magana, wannan kwalin shi ne amsar tambayar da ba zai iya yi ba, wato ko za a dawo a ɗauke shi. A ƙara masa kati uku da zai nuna: ruwa, banɗaki, hutu.

Gargaɗi: kada a haɗa shiga makaranta da wani babban canji. Yaye, cire famfas, kaciya, tashi daga gida, ko haihuwar ƙani, kowanne a ba shi tazarar aƙalla wata guda. Kada kuma a riƙa tsorata shi da “bari ka shiga makaranta, malama za ta gyara maka zama.”

A jaka: kayan canji kala biyu, famfas uku ko huɗu idan yana sawa, leda ta kayan da suka ɓaci, gorar ruwa, abincin da ya saba ci, da abu ɗaya daga gida, kamar ɗankwalin uwa mai ƙamshinta ko ƙaramar motarsa. A rubuta suna a kan komai. Magani hannu da hannu ake ba malama, cikin kwalinsa na asali.

8. Kwanakin sabo

Idan makaranta ta yarda, kada ku fara ranar da aka dawo hutu, lokacin da aji ke cike da kukan sababbin yara. Ku bari sai mako na biyu. Mutum ɗaya ne zai riƙa rakiya har a gama, uwa ko uba ko kaka.

Rana ta 1 zuwa ta 3: awa ɗaya, mai rakiya na cikin aji. Ku zo bayan an gama taron safe. Idan ke uwa ce kika rako shi, ki nemi kujera a gefe ki zauna. Kada ki tura shi cikin yara, kada ki shiga wasa da shi, kada ki duba waya. Idan ya zo ya jingina da ke, ki karɓe shi, idan ya tashi ki ƙyale shi. Malamarsa ce za ta matso a hankali da abin da yake so. A rana ta biyu ki canza masa famfas ko ki ba shi abinci tana kallo, a ta uku ita ta yi kina tsaye.

Rana ta 4: rabuwar farko, minti goma zuwa sha biyar. Kada ta faɗo ranar Litinin. Ki bari ya kama wasa, ki durƙusa daidai fuskarsa, ki nuna masa hoton ƙarshe a kwali, ki ce: “Zan fita. Zan dawo. Ga Anti.” Ki sa hannunsa a na malama, ki miƙe ki fita ba waiwaye. Ki tsaya inda ba zai hango ki ba, ba bakin taga ba. Da lokaci ya cika ki dawo, ki ce “Na dawo,” ku tafi gida nan take, don ya haɗa dawowarki da tafiya gida.

Gargaɗi: kada ki sulale ya waiga bai gan ki ba. Ranar za ta yi sauƙi, amma gobe ba zai saki zanenki ba, domin ya gane kina iya ɓacewa kowane lokaci. Kada kuma ki ce “yanzu zan dawo” alhali awa uku za ki yi.

Abin da za a duba a rabuwar nan ba kuka ba ne. Kusan kowane yaro zai yi. Tambayar ita ce: malama ta iya rarrashinsa? Idan ya yi shiru cikin minti biyar zuwa goma ya koma wasa, gobe a yi rabin awa, jibi awa ɗaya. Idan ya ci gaba da ihu bai karɓi rarrashi ba, ko ya sandare wuri ɗaya bai motsi bai kallon kowa, a kira ki, a koma zama tare na kwana biyu ko uku kafin a sake gwadawa. Yaron da ya yi tsit a lungu, malamai kan ce ya saba. Sau da yawa shi ne ya fi wanda ke kuka shiga damuwa.

Mako na 2: ya kai har lokacin fita tara ya ci abinci a can. Mako na 3: har sha ɗaya. Mako na 4 zuwa na 6: har tashi, sannan a fara shigar da shi taron safe, daga bayan layi kusa da malamarsa. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. Gara awa biyu kullum da wuni guda sau biyu a mako, domin tsallake ranaku na mayar da sabo baya. Ku iso ɗaukarsa minti goma kafin tashi, kafin turereniyar ƙofa.

9. Littafin saƙo da alamomin da za a bi

Ku sa ƙaramin littafi a jaka. Malama ta rubuta layi huɗu kullum: me ya ci, ya yi fitsari ko bayan gida, me ya ji daɗinsa, me ya tayar masa da hankali da ƙarfe nawa. Ku kuma ku rubuta yadda ya kwana da ko ya sha magani. “Lafiya lau” a bakin ƙofa ba bayani ba ne. Bayan mako biyu littafin zai nuna muku abin da ba wanda ya lura: wataƙila kullum sha ɗaya saura yake birkicewa, lokacin da ake tayar da janareta, ko yunwa ce saboda ba ya cin abin da aka zuba.

A makonnin farko ku sa ran ganin gajiya, rigima da an dawo gida, manne wa uwa, har fitsarin kwance ga wanda ya daina. Ku ba shi abinci da ruwa da awa ɗaya ta shiru, ba tambayoyi. Islamiyyar yamma a ɗaga ta sai boko ta zauna, ko a fara da ita ita kaɗai idan ta fi kusa kuma ya san malamin. Biyu a lokaci guda sun yi masa yawa.

Waɗannan kuwa ba na sabo ba ne: shatin bulala ko ƙuna ko cizo da ba a yi muku bayani ba, famfas ɗin safe a jikinsa har rana, kula ta dawo a cike kwana uku a jere, firgita da ganin wani mutum takamaimai, ƙaruwar faɗuwa ga mai farfaɗiya, ko daina kalmomin da ya riga ya iya. Ku duba jikinsa kullum lokacin wanka, tunda ba lallai ya iya faɗa ba. Ku je makarantar ba sanarwa a tsakiyar safiya. Idan an hana ku shiga, ko an musanta abin da kuke gani da ido, ku cire shi ko da kuɗin zango zai tafi.

10. Zaman mako na shida

Ku sake zama da malama da shugabar makaranta, da littafin saƙo a hannu. A zaɓi buri biyu ko uku kacal na sauran zangon, waɗanda ake iya gani: ya zauna a tabarma tare da yara minti biyar, ya nuna katin banɗaki kafin ya ɓata wando, ya ci abinci da cokali da kansa. A rubuta wanda zai yi me, a gida da makaranta, da kalmomin da kowa zai riƙa amfani da su. Idan yana zuwa gashin ƙashi ko wurin mai koyar da magana, ku kawo atisayen da aka ba ku a ga wanda zai shiga cikin wasan aji, ku kuma sanar da ranakun asibiti tun da wuri. A gyara takardar sanin yaro, a sabunta lambobin waya, a duba ranar lalacewar maganin da ke hannun malama.

Bayan kowane dogon hutu, ko hutun sallah, ko jinya, ko canjin malama, a koma rabin lokaci na kwana biyu ko uku, a fito da kwalin hotuna daren da za a koma. Idan sabuwar malama ce, a ɗauki hotonta a maye gurbin na tsohuwar, a kuma maimaita mata mataki na shida tun kafin ta karɓi yaron.